Ƙofa Mai Ruwan Ɗorawa

Tun tana aji uku na sakandare ake kiranta Maimai, don sau biyu ta maimaita ajin. Jarrabawar fita kuwa sau uku tana zama, sau uku lissafi yana kayar da ita, har babanta ya daina tambayar sakamako. Ba wanda ya taɓa duba bayan littattafanta, inda ta cika da zanen ɗakuna da matakala da tarkuna. Da tsohuwar kwamfutar yayanta ta koya wa kanta haɗa wasan waya, shekara shida tana fama.

Yanzu ga ta a wani ɗan kamfanin wasanni da ke saman shagon ɗinki. Gwajin wata uku aka ɗauke ta, yau kuma ranar ƙarshe. Oga ba mugu ba ne, sai dai son ƙa'ida kamar ya mutu. Ya ce tunda ba ta da takarda, aikinta zai tsaya mata: mutum biyar za su gwada wasanta, in huɗu suka fita daga ɗakin farko na wasan cikin minti goma, ta samu kujera. In ba haka ba, sai shagon tayil na yayanta, wanda ta san in ta shiga ta shiga ke nan.

Dokar gwajin ɗaya ce. Wanda ya haɗa wasan ya zauna a baya ya kama bakinsa. Ko da tari ya nuna hanya, an soke, a rubuta faɗuwa.

Wasan bai da wuya. Kyanwa ce aka kulle a sito, a tura kwali ƙarƙashin taga, a hau, a tsallake. Uku sun fita, na huɗu ya kasa, na biyar kuma bai zo ba. Sai Oga ya leƙa ƙasa ya roƙo mai ɗinkin, wata dattijuwa, ta hauro da tef a wuyanta tana cewa ita fa ba ta san kan waɗannan abubuwa ba.

Tana karɓar wayar ta nufi ƙofar siton da kyanwar. Ta danna, ta sake dannawa. A nan na huɗu ma ya ƙare. Ƙofar nan ado ce kawai, ba ta buɗuwa. Maimai da hannunta ta shafa mata ruwan ɗorawa don ɗakin ya yi kyau, sai ga shi ta fi komai ɗaukar ido. Wata uku tana kallon abin ba ta gani ba, sai yau.

A minti na takwas kyanwar ta bangaji kwalin bisa kuskure, ya tafi ya tsaya daidai ƙarƙashin taga. Saura a ɗaga ido kawai. Amma dattijuwar ta sake komawa ƙofa, sannan ta ajiye wayar a cinya, ta yi wata 'yar dariyar kunya.

"Ku yi haƙuri, 'ya'yan nan, na ɓata muku aiki," in ji ta. "Ni dama kaina ba ya ja. A aji huɗu malam ya ce wa babanmu kada ya wahalar da kansa."

Oga ya duba agogo. Da sauran minti ɗaya da rabi, kuma in aka yi shiru wataƙila ta sake ɗauka ta gano. Maimai ta san haka sarai. Amma ta ga yadda matar ke murza bakin tef ɗin, kanta a sunkuye.

"Anti, ba kanki ba ne," ta ce. "Ƙofar ce ba ta buɗuwa. Ni na yi ta haka, laifina ne."

Oga ya tsayar da agogo, ya ja layi a takardarsa, bai ko dube ta ba.

Dattijuwar ta ɗauki wayar. Nan da nan ta hango tagar, kyanwar ta haye kwali ta fice.

"Af! Ashe na iya!" Ta juyo baki har kunne. "'Yata, na ci ko?"

Maimai tana naɗe wayar cajarta tana turawa a jaka.

"Kin ci, Anti," ta ce.