Hula ta Goma Sha Biyu

An sami telan da rai a rana ta uku, yana zaune a gindin wani dutse kusa da ƙofa ta biyu, ƙafarsa ta hagu a karye, jar hularsa a kansa. Kwana biyu masu ceto suka ɓata suna nemansa can ƙasa, tsakanin ƙofa ta biyar da inda mota ke jira. Jagoran tafiyar ne ya tura su can, kuma har yau bai janye maganarsa ba.

Shekara goma sha tara jagoran ya yi yana kai baƙi yawon buɗe ido a kan tsaunukan, bai taɓa ɓatar da ko takalmin wani ba. Hanyar saukowa ta ratsa shingayen masu tumaki guda biyar, kowanne da ƙofar ƙarfe. Tsarinsa ba ya canzawa. Kowane baƙo yana samun jar hula daga kamfani. A kowace ƙofa jagora yakan waiwaya ya ƙirga huluna, wanda ke ƙarshen layi kuma ya rufe ƙofar ya buga mata sanda sau biyu. Fuska ba ta dame shi ba. Baƙi suna sauyawa kowane mako, hula kuwa ana hango ta daga nesa.

Ranar Asabar ɗin da abin ya faru, mutum goma sha biyu ya hau da su. A cikinsu akwai wani tela mai shekara sittin da ɗaya da matarsa, waɗanda 'ya'yansu suka turo su huta. Tun a sama, wajen da ake kallon tafki, telan ya nemi a ba shi sandar.

"Ni zan zama na baya. Gwiwar nan da ma ba ta san komai ba sai taka keken ɗinki."

"Ka ji tsoho da son muƙami," in ji matarsa. "A gida ko ƙofar ɗaki ba ya rufewa."

"Ai don ke kina nan ne, ranki ya daɗe."

Wajen ƙarfe biyu na rana hazo ya sauko, fari, mai jiƙa riga. Mutum ba ya ganin abin da ya wuce taku ashirin. A ƙofa ta ɗaya jagora ya ƙirga sha biyu, ya ji bugu biyu. A ta biyu ma haka. A ta uku, da ta huɗu, da ta biyar, lissafi ya cika, ƙarfe ya amsa. A ta biyar ɗin ma har ya ce a ransa tsohon ya fi samari iya aiki, don bugun ya fita sarai, ba gaggawa.

Da suka isa mota aka tara huluna a kwando. Goma sha ɗaya.

Matar telan ba ta ɗaga murya ba. Ta leƙa bayan motar, ta dawo.

"Yanzun nan yana bayana. Ina jin numfashinsa. A gangaren can ma da na zame shi ya riƙe mini jaka."

"Kin ga fuskarsa, Hajiya?" in ji jagoran.

"Mutumin da na zauna da shi shekara talatin da biyar, sai na waiwaya?"

Shugaban masu ceto tambaya ɗaya ya yi: ina aka ga mutumin na ƙarshe? Jagora ya ce ƙofa ta biyar. Aka sake tambayarsa washegari, ya maimaita. Ya san sanyin saman ba ya barin dattijo ya wuce kwana uku, ya kuma san kowace awa da aka kashe a ƙasa daga bakinsa ta fito. Amma ya ƙirga, kuma ya ji. A rana ta uku, ba tare da ya gaya wa kowa ba, ya ɗauki igiya da bargo ya bi hanyar a juye, yana taɓa kowace ƙofa. Duk a rufe suke, sakata a cikin raminta. A ta biyu ya ji tari.

A asibiti telan ya ba da labarinsa a taƙaice. Ya rufe ƙofa ta biyu, ya buga, ya juya, ƙasa ta zame da shi. Ya yi kira ba a ji ba. Sandar ta faɗi a kan hanya.

"Sai na ji an ɗauke ta," ya ce. "Na ce, bawan Allah, ga ni nan ƙasa. Ya ɗan tsaya. Daga nan ya bi ku."

"Zafin ciwo ne," in ji matarsa, tana gyara masa bargo. Ba ta kalli jagoran ba. Jakar da aka riƙe mata ta bar ta a masauki, ta ce a bai wa duk mai so.

Likita ya ce ƙafar za ta warke, yatsu biyu ne ba za su dawo ba. Kamfani ya dakatar da jagoran wata guda, ya kuma sa a riƙa kiran suna a kowace ƙofa. Bai yi musu ba.

Wata nas da ke cikin tafiyar ta aiko da hoton da ta ɗauka daga gefen hanya a ƙofa ta biyar. Hazo ya cinye rabinsa, amma ana iya ƙirga jajayen huluna goma sha ɗaya, ban da wadda ke kanta. Na ƙarshen ya juya baya, hannunsa a kan sakata. Huluna goma sha biyu kamfanin ya fitar ranar, kuma ta telan tana cikin durowar asibiti. Sandar kuwa direba ne ya tsince ta da safiyar Lahadi, an jingine ta a jikin ƙofar motar.