Hawan Zahara'u a Azbin

Ruwan Madarumfa a kwance yake, kamar ƙasar da ke riƙe da shi. Shi ya sa ranar da Zahara'u ta gaya wa kawunta Idi cewa 'yan ajinsu za su tafi duwatsun Azbin ganin ruwan da ke faɗowa daga bisa dutse, sai ya ajiye komar da yake ɗinkewa ya dube ta, sannan ya dubi ƙafarta ta hagu.

"Ke da tabki a bayan ɗakinki, mi za ki nema wurin Buzaye? Ruwa dai ruwa ne."

"Naku barci yake, Kawu. Ni mai tafiya nake son gani."

"To, ki gaishe da dutsen daga gindi. Kada ki ce hawa za ki yi."

Shan inna ya taɓa ƙafar nan tata ta hagu tun tana goye. Har ta yi wayo da rarrafe take yawo, gwiwoyi da tafin hannu duk sun yi kanta, yaran unguwa suna bin ta a baya suna kukan akuya. Ranar da aka sa mata takalmin ƙarfe a Maraɗi ta miƙe bisa sanda, ta yi wa kanta alkawari: hannunta ba zai sake taɓa ƙasa a gaban mutane ba, sai dai a sujada. Ta riƙe alkawarin nan har ajin ƙarshe na lise, babbar sakandare. In alƙalami ya faɗi mata a aji, gara ta ari na wani. In ta yi tuntuɓe, gara kafaɗa ta sha ƙasa.

Mushe Inusa, malamin labarin ƙasa, shi ya shirya tafiyar a hutun Disamba. Ya ja ta gefe yana sassauta murya, ya ce in an isa tana iya zama a mota da direba.

"Mushe, ni ka sa na zana Azbin a allo," in ji ta. "Abin da na zana zan gani."

Madarumfa ba ta da tudun da za a gwada ƙafa. Sai ta riƙa bin rairayin gulbi da yamma, sandar tana nitsewa tana zarowa. In ƙafa ta gaji ta shiga kwalekwalen kawunta ta yi ta tuƙi har kafaɗunta su yi tsami.

Su kuwa sauran 'yan matan ajin, shirinsu daban. A wurinsu tafiya mai nisa babu anko ai zubar da mutuncin gari ne. Aka sayo atamfa shuɗiya daga Jibiya, tela ya ɗinka musu siket matsattse har idon sawu, irin wanda ake yayi. Aka sayi takalma masu ƙyalli, aka sha lalle. Zahara'u ma ta yi, har ta sa aka ƙara wa nata tsawo don ya rufe ƙarfen.

Babbar motar fasinja ta kai su Agadas, daga nan wata buɗaɗɗiyar mota ta yi ta jijjiga su a kan duwatsu har wani ƙauye mai lambunan lemo da rumman. Ja-goransu wani dattijon Buzu ne, Al'amin. Ya dube su ta tsakanin rawani, daga ɗankwali har takalmi.

"Biki za ku, 'ya'yana?"

"Foto za mu, Baba," in ji Farida, aminiyar Zahara'u, tana gyara ɗauri.

Suka shiga kwazazzabo. Da farko rairayi ne, Zahara'u ta ji kamar tana gida. Daga baya ƙasa ta ƙare, sai duwatsu baƙaƙe masu sulɓi, manya kamar shanu a kwance. Sandar da ta saba cizon ƙasa ta koma zamewa. Ƙarfen ya goge mata ƙasan gwiwa har ta ji danshi yana bin ƙaurinta. Ita ce ta ƙarshe, kuma duk lokacin da Mushe Inusa ya waiwayo sai ta ɗaga kai ta yi kamar tsaunuka take kallo.

"Kawo jakarki," in ji Farida.

"Riƙe takalminki dai, amarya. Tun ɗazu yake neman guduwa."

Rana ta ɗaga sosai lokacin da suka fara jin ƙara, kamar injin niƙa a unguwa mai nisa. A nan hanyar ta ƙare. Wani dutse ya tsaya musu a gaba, tsayinsa ya fi rumbu biyu in an ɗora, ga 'yan tsagogi da wuraren kamawa a jikinsa. Ruwan yana bayansa.

Samari suka haye suna ihu. 'Yan mata suka matso, sai a lokacin ankon ya nuna halinsa. Gwiwa ba ta ɗaguwa. Farida ta gwada, ta zamo, takalminta ɗaya ya faɗa cikin rami. Wata ta gwada a kaikaice kamar ƙaguwa, ita ma ta dawo. Ɗaya bayan ɗaya suka zauna a inuwa suna tsine wa tela.

"Ba laifi," in ji Mushe Inusa. "Ku huta nan, samari su ɗauko muku a waya."

Al'amin ya naɗe rigarsa. "Wurin nan da hannu ake hawansa, har ni da furfurata," ya faɗa, ba tare da ya dubi kowa ba. Ya dafa ya haye, malamin ya bi shi, aka bar mata su kaɗai.

Zahara'u ba ta zauna ba. Ta kafa sanda a tsagar farko ta yunƙura, sandar ta kuɓuce. Ta sake, ta sake kuɓucewa. Ta tsaya tana haki. Ta san hanyar da jikinta zai hau dutsen nan, ta san ta tun kafin ta san baƙi da wasali. Idanu ne dai a bayanta, idanun 'yan garinsu, waɗanda wasunsu yayyensu ne suka yi mata kukan akuya. Iska ta kaɗo mata wani sanyi mai laima daga bayan dutsen, ya taɓa mata fuska.

Ta cire allurar ɗankwalinta, ta tsinke zaren gefen siket, ta kama da hannu biyu ta ja. Ɗinkin ya ɓarke har gwiwa. Da ma kowa da wando a ciki saboda sanyin hanya. Ƙarfen ya fito fili, da jinin da ya bushe a jikinsa. Ta goya sandar a baya da gyale, ta yi bisimilla, ta ɗora tafukanta a kan dutsen.

Hannun da ya saba da filafilin kwalekwale ya ɗaga ta kamar ba nauyi. Ƙafar dama ta nemi tsaga, ta hagu ta biyo tana ƙara a jikin dutse. Ta jira dariya. Abin da ta ji a ƙasa shi ne ƙarar wani ɗinki yana ɓarkewa, sai wani, sai wani.

"Ke 'yar nema, ina zan sa ƙafa?" Muryar Farida ce, daga ƙasa.

"Bar duban ƙafa. Hannu ke gaba, jiki ya biyo. Kama wancan tsinin dutsen na damanki."

"Wallahi in na faɗo ke za ki yi wa Inna bayani."

"Hau dai, sarkin tsoro."

Da Zahara'u ta leƙa bisa, sai ga abin da ta zo gani. Ruwa fari fat yana zubowa daga tsagar tsauni, tsaye kamar an rataye farin zanen sawaye, yana faɗawa cikin wani tafki kore da duwatsu suka kewaye. Feshinsa ya cika wurin. Ba ta taɓa sanin ruwa yana da murya haka ba.

Samari suna can bakin tafkin, duk sun juyo. Mushe Inusa ya taho da sauri yana miƙo mata hannu don ta miƙe. Ta dubi shimfiɗar dutsen da ta rage, jiƙaƙƙiya, mai gansakuka. Sanda ba za ta yi komai a nan ba.

"Bar shi, Mushe. Na iya."

Ta rarrafa a gabansu duka, ba sauri, kanta a ɗage, har bakin ruwan. Ta tsoma tafukanta da suka kwaile, sanyin ya ratsa ta har haƙora, ta yi dariya ita kaɗai.

Farida ta iso ba takalmi, ɗankwali a wuya, ta zaro waya. "Tashi in ɗauke ki. Bari in kwanto miki sandar, ki rufe ƙafar da gyale."

Zahara'u tana durƙushe, hannu biyu a ƙasa, ruwa yana ɗiga daga haɓarta.

"Ɗauka a haka," in ji ta.