Bencin Baya

Shekara goma sha tara ƙanwata Auta tana wanke kofunan Jibin Ubangiji, cima mai tsarki ta majami'armu, ba ta taɓa kai ɗaya baki ba. Kowace Asabar ta ƙarshen wata tana ɗakin ajiya na bayan majami'a da robobi biyu, ta sabulu da ta ɗauraya, tana jera ƙananan kofunan nan a farantin katako mai ramuka arba'in. Ranar Lahadi kuma ta koma bencin baya, inda ake zaunar da waɗanda ke ƙarƙashin horo, farantin ya wuce ta kamar ba mutum a wurin.

Laifinta aure. Mijinta na fari, Direba, ya fita da babbar mota wata Talata, ya bar ta da goyo da karyayyen haƙori, bai sake waiwayowa ba. Ta jira shi shekara tara, sannan ta auri Kafinta, mutumin da ko kaza bai taɓa yi wa tsawa ba. Dattawan ikkilisiya suka ce muddin Direba yana numfashi a wani wuri, wannan zama ba aure ba ne. Suka hana su teburin Jibi, su biyun. Wanke-wanke dai ba su hana ba, tunda wanke-wanke ba ya neman tsarki. Farantin ma Kafinta ne ya sassaƙa, kyauta.

Da Kafinta ya rasu, dattawa suka aiko cewa ƙofa a buɗe take, in za ta tsaya gaban jama'a ta ce zamanta da shi zunubi ne.

"Ba zan kira shi zunubi ba, Yaya," ta ce mini. "Yana kwance, ba bakin amsawa."

Sai bana, ga Direba ya dawo, an sauke shi a asibiti, ƙafafu kamar turmi, ido ya yi ɗorawa. Fasto ya je duba shi, Direba ya yi kuka, ya tuba. Washegari aka kai masa Jibi har gado, a kofin da Auta ta wanke. Kwana goma sha ɗaya ya yi ya cika. Gawarsa ta shiga majami'a ta ƙofar gaba, aka yi wa'azin alheri har mata suna share hawaye da bakin gyale.

Na tare Fasto a ofishinsa, yaron da na koya wa riƙe fensir.

"Malama, alheri ba lada ba ne," ya ce. "Kyauta ce."

"Kyautar ta san hanyar gadon asibiti, ba ta san ta bencin baya ba?"

"Shi ya tuba, Malama."

"Ya tuba da kumburarrun ƙafafu. Wanda ba ya iya tashi ya je bayan gida, wane zunubi ya rage masa da zai bari? Ita shekara nawa tana jinyar marasa lafiyarku, tana yi wa gawarwakinku wanka?"

"Ayyuka ba sa ceto."

"Amma rashinsu yana hana kofi. Ko kuwa na mata ne kawai ake aunawa?"

Ya gyara tabarau, ya ce ai akwai albishir. Dattawa sun zauna. Tunda mijin ya rasu, Auta gwauruwa ce yanzu, magana ta ƙare, ba sai ta furta komai ba.

"Wane mijin?" na ce.

Ya dubi kalandar bango.

Haka aka karanta a sanarwar Lahadi: 'yar'uwarmu, matar marigayi Direba, an maido ta teburi. Jama'a suka tafa. Matar wani dattijo ta taso har baya, tana jan hannunta.

"Taso, Mama, koma gaba, an gama!"

"Na gode, 'yata. Nan ya fi iska."

Na baro wurina a layi na biyu, na je na zauna kusa da ita.

"Kada ki karɓa," na raɗa mata. "Su riƙe abinsu. Da sunan wanda ya karya miki haƙori za su shayar da ke?"

"Yaya, ke dai har a majami'a sai kin yi makin jarrabawa."

Farantin ya iso. Dattijon da ke ɗauke da shi ya saba juyawa kafin bencin nan, har ya juya, sannan ya tuna ya dawo. Auta ta shafa gefen katakon da yatsa, daidai inda Kafinta ya taɓa liƙe wata tsaga. Ta ɗauki kofi.

"Ba nasu ba ne, Yaya," ta ce a hankali. "Tun farko ba nasu ba ne. Zan sha nawa, in sha na mai farantin."

Ta shanye, ta rufe ido.

Dattijon ya miƙo mini. Shekara hamsin ban taɓa tsallake Jibi ba, kuma a sha tara daga cikinsu ina layi na biyu ina sha, ban waiwaya ba. Na dubi kofin, na dubi giɓin bakin ƙanwata. Na girgiza kai, ya wuce.

Bayan an tashi na bi ta ɗakin ajiya. Ta miƙo mini tsumma.

"Ɗaya ya dawo a cike," ta ce. "Zubarwa zan yi, ko kin huce?"

"Zubar."

Ta ajiye shi a kan taga, ta ci gaba da wanke-wanke.