Uwar Unagin Masaji

Kwana biyu da wucewar guguwa, Masaji ya shigo tsakar gida da kwando a kafaɗa yana ɗingishi. Daga yadda ya ajiye shi a hankali na gane abin da ke ciki. In ƙananan unagi ne, dogon kifin nan mai kama da maciji, jefar da kwandon yake yi ya nemi shayi. In uwa ce, sai ka rantse jinjiri ya ɗauko.

"Fusae, zo ki gani."

"Na gani tun daga nan."

"Ba ki gani ba. Zo."

Na je. Gaskiya ban taɓa ganin kamarta ba, ni da aka haifa a bakin kogin nan. Kaurinta ya kai damtsena, bayanta baƙi wuluk, cikinta ya koma ruwan azurfa, idanun nan sun yi ɓulu-ɓulu. Haka suke zama in sun shirya gangarawa teku su yi ƙwai. Ta naɗe a cikin kwandon tana numfashi, ni kuwa na riga na san abin da zai biyo baya: a zuba ta a bokiti, a ɗora a bayan tsohuwar motarmu, a yi tafiyar awa guda har a wuce madatsar ruwa, a sake ta ta samu hanyar teku, a dawo gida a ci shinkafa da tsamin kabeji.

Shekara arba'in da ɗaya ke nan ana haka.

Masaji ba ɗan nan ba ne. Daga can arewa ya zo, ƙasar ƙanƙara. Mahaifina ba shi da ɗa namiji, sai ya ɗauko shi ya aura masa ni, ya ba shi sunan gidanmu, wato Nakahira, da kwalekwale, da bututun gora ɗari biyu da muke nutsarwa da tana a ciki. Har yau da gashinsa ya yi fari fat, mutanen ƙauye Ɗan Arewa suke kiransa. A garinsu akiaji suke kamawa, jan kifin nan da ke yawon teku shekara huɗu sannan ya komo kogin da aka ƙyanƙyashe shi, ba ya ɓata hanya. Da wannan ilimin ya sauko mana. A ganinsa kowace uwa ya saki, 'ya'yanta za su neme mu su dawo. Mahaifina ya ce masa, "Yaro, wa ya gaya maka?" Ya ce ai kifi kifi ne. Tsohon ya yi dariya ya ƙyale shi, yana zaton kwana biyu zai gaji.

Bai gaji ba. Ni na gaji.

Ba wai ban taɓa yarda da shi ba. Da ƙuruciya har rakiya nake yi masa, in riƙe bokiti. Amma kana saki, kogi na ƙara bushewa da kifi. Bututun da a da sai mutum biyu sun ɗaga, yanzu a zazzage goma a samu kaguwa ɗaya. Masuntan ƙauyenmu sun kai talatin lokacin aurenmu, yau saura huɗu, kuma babu mai haƙoransa cikakku. Shi dai maganarsa ɗaya: suna hanya, teku na da nisa.

Muna tsaye kan kwandon sai ga Tokuhiro mai gidan abinci a kan babur. Wannan mutum hancinsa ya fi na kuliya.

"Ɗan Arewa, an ce ka kama kakar kogi."

"Wa ya ce?"

"Kogi ya ce. Haba, ka bar min wannan mana. Ina da baƙi daga birni ranar Asabar."

"Ka ba su taliya."

Tokuhiro ya leƙa, ya yi fito, ya dube ni. "Yaya Fusae, ki yi masa magana. Ke kaɗai yake tsoro."

"Ni? Da yana tsorona da tuni mun yi sabon rufi."

Ya tafi yana girgiza kai. Na juya kan mijina na sauke masa abin da ke cikina. Na ce gwiwarsa ta dama ta mutu, yanar ido ta rufe masa gani, likita ya hana shi tuƙi, ke nan ni zan tuƙa, ni da bayana ke ciwo tun bazara. Na ce ko sau ɗaya a rayuwa ina so in san ɗanɗanon abin da muke kamawa mai kyau, ba ragowar da Tokuhiro ya ƙi ba. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Ina wasiƙar Malama Oguri? Jiya na ji mai raba wasiƙu ya tsaya."

Malama Oguri 'yar jami'a ce, siririya, mai yawan ban haƙuri. Shekara shida da suka wuce ta zo da akwatin ƙananan kwalabe, ta roƙi masunta duk unagin da suka kama su yanko mata ɗan mitsitsi daga fiffike, su auna tsawo da nauyi. Ta ce tana so ta duba jininsu, ta ga ko waɗanda gadonsu ya fi gaurayuwa sun fi ƙiba da jure cuta. Sauran masuntan suka cika kwalba biyu-uku suka manta. Nawa kuwa ya ɗauki abin kamar ibada. Shi ba gaurayuwa ce ta dame shi ba. So yake takarda ta fito ta ce unagin koginmu jininsu daban ne, jikokin waɗanda ya saka ne, ya kai wa kabarin mahaifina ya karanta masa. Ni nake rubuta lambobin a jikin kwalabe, ni nake kai su gidan waya, shekara shida.

"Ɗauko ki karanta min," ya ce. "Yau za ki ji."

Na ɗauko. Muka zauna a bakin dandamali, na ɗora tabarau. Bayan gaisuwa da godiya mai tsawo, irin tata, ta shiga magana. Ta ce sun gwada kwalabensa da na wasu koguna goma sha ɗaya, har da na Koriya da Taiwan. Ba su ga bambanci ba. Dukkansu dangi ɗaya ne. Duk unagin ƙasashen nan wuri guda suke haɗuwa can tsakiyar teku mai nisa su yi ƙwai, igiyar ruwa ta kwaso 'ya'yan ta watsar inda ta ga dama. Ɗan da uwarsa ta fito daga koginmu yana iya faɗawa kowane kogi, kuma bai san hanyar gida ba.

Ina ma a ce a nan na yi shiru. Amma haushin shekara arba'in ne a maƙogwarona, kuma ga shi takarda ta ba ni gaskiya. Na sake karanta layin ƙarshe da ƙarfi, ina jan kowace kalma.

"Ka ji ko? Bai san hanyar gida ba. Mutanen Taiwan kake yi wa noma, Baban Noriko. Su gode maka."

Ban tsaya nan ba.

"Kai da ke jiran 'ya'yan kifi su dawo. Ita Norikon da ka haifa da cikinka, shekara nawa rabonta da gidan nan?"

Magana zarar bunu. Tana fita na so in kamo ta, ina! Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya ɗan tsaya har ƙafar ta karɓe shi, ya ɗauki kwandon ya zagaya bayan gida. Na ce a raina bokiti ya tafi nema, bari ya je, yau ko sama da ƙasa za su haɗe ba zan tuƙa ba.

Na zo ninke wasiƙar sai na ji kaurinta. Ashe shafi biyu ne, danshin guguwa ya manne su. Na ɓanɓare a hankali don kada ta yage.

A shafi na biyu Malama Oguri ta ce ta san wannan ba shi ne abin da yake fata ba, kuma ta daɗe tana juya yadda za ta faɗa masa. Amma akwai abin da take so ya sani. A cikin kifin da suka auna, waɗanda gadonsu ya fi gaurayuwa sun ɗan fi ƙiba, tsutsar ciki kuma ta fi ƙaranci a jikinsu. Ta ce alama ce kawai, ba ta kai ta buga ƙirji ba tukuna. Sai dai in ta tabbata, ƙarfin kifin nan duka ya dogara ne kan yawan iyaye mabambanta da ke isa wurin haɗuwar, kuma iyayen raguwa suke yi kowace shekara. Manyan mata irin na kogi su ne suka fi ƙaranci, don na tafkin kiwo galibi maza suke tashi. Uwa ɗaya babba tana iya ɗaukar ƙwai sama da miliyan. Ta ce, "Ina roƙonka, Kawu, kada ka daina."

Ban kai ƙarshen layin ba na ji guduma. Kwas, kwas, sau biyu.

Duk matar masunci ta san wannan ƙarar. Ƙusa ce ake kafawa a kan unagi a jikin katako kafin a tsaga shi. Na tashi da gudu, gudun tsohuwa, takalmi ɗaya a ƙafa. Ko da na zagaya har ya ja wuƙa daga wuya zuwa wutsiya. Idonsa ba ya gani sosai amma hannunsa bai manta ba. Ta buɗe a kan katakon, kitse fari sol, wutsiyar tana motsi har lokacin.

"Hura gawayi," ya ce, bai ɗago ba.

Na cusa takardar a aljihun zanen girkina na hura gawayi. Me zan ce? Bakin alƙalami ya bushe. Ya gasa ta da kansa, yana tsoma ta a romon waken soya mai zaƙi yana mayarwa kan wuta, kitse na ɗiga, hayaƙi ya cika unguwa. Matar maƙwabcinmu ta leƙo ta katanga ta ce, "Lallai yau ana biki a gidan Nakahira."

Muka zauna da rana tsaka, kwano biyu na shinkafa. Ya laluba da tsinken cin abinci ya zaɓo tsokar tsakiya, mafi kauri, ya ɗora a kan tawa.

"Ci. Kin daɗe kina jira."

Na dubi kwanon. Na yi tunanin in bar takardar nan ta ruɓe a aljihu. In bai ji ba, shi ke nan an huta: babu sauran tuƙi, babu bokiti, gwiwarsa ta samu sauƙi, ni ma bayana. Ba zai taɓa sani ba, tunda ni ce idonsa. Amma na dubi yadda yake zaune, kafaɗu a zube, yana tauna kamar an sa shi dole, sai na ji ba zan iya zama da wannan mutumin a haka ba har mutuwa.

"Baban Noriko, akwai shafi na biyu."

Ya daina tauna.

Na karanta masa duka, wannan karon a hankali. Ban tsallake komai ba, har roƙon da ta yi a ƙarshe. Da na gama ya daɗe yana kallon wajen kogi, ko da yake na san hazo kawai yake gani.

"Nawa ta ce?"

"Me?"

"Ƙwan."

"Sama da miliyan."

Ya ajiye tsinkensa a kan kwano, ya daidaita su gefe da gefe. Na jira ya zage ni. Da ya zage ni da na ji sauƙi. Sai kawai ya turo min sauran da ke gabansa.

"Cinye, Fusae. Kada a yi biyu babu."

Na ci. Ina kuka ina ci, shi yana zaune yana sauraron taunata, har na share kwano biyun. Tun da uwata ta haife ni ban taɓa sa kifi mai daɗinsa a baki ba, kuma abin da ya fi ci min rai ke nan.