Ranar da Aka Musanya Haladu da Mukayyif

Haladu na durƙushe yana ɗaure igiyar takalminsa, Mista Baka, Baturen da ke shugabantar ƙungiyarsu, ya zo ya zare masa jar hular da ke kansa ya kifa masa shuɗiya.

"Daga yau kai nasu ne," in ji Mista Baka da gurgun Larabcinsa. Ya nuna ɗaya gefen fili da haɓa, inda 'yan kamfanin shimfiɗa bututu ke motsa jiki a ƙarƙashin rumfar tamfol. "Halas, an gama. Mabruk, barka."

"Amma ai da su za mu kara yau."

"Da mu za ku kara."

Haladu ya miƙe a hankali, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Abin bai zo masa baƙo ba. Tun yana saurayi, lokacin da yake sauke kankana a tashar jiragen ruwa ta Jidda, wani Ba'amurke ya ga yadda yake cafke duk abin da aka jefo masa daga saman lodi, ya kai shi wani fili ya sa masa ƙatuwar safar fata a hannun hagu. Tun daga ranar besbol ya zama sana'arsa, wasan nan na Amurkawa da ake jefa wa mutum ƙwallo ya maka ta da gora ya ruga. Aikin Haladu shi ne ya tsaya can ƙarshen fili. In ƙwallo ta tashi sama ya kama ta kafin ta taɓa ƙasa, mai bugun ya fita ke nan.

Kamfanonin Turawa na Jidda kowanne da ƙungiyarsa, kuma doka ta ce sai ma'aikacin kamfani ne zai buga masa. Saboda haka duk ƙungiyar da ke son Haladu sai ta ɗauke shi aiki, ta zama kafilinsa, mai tsaya masa a wurin hukuma. Ya yi direba a kamfanin ƙanƙara alhali bai iya komawa da mota baya ba. Ya yi mai kula da lambu a wani gida da bishiyarsa ɗaya ce, ita ma ta bushe. Har gabas aka taɓa kai shi, wajen 'yan man fetur inda wasan ya fi zafi, ya yi kakar wasa guda ya dawo don matarsa Barakatu ta ce ba za ta zauna a garin da kifinsa ba ya da ɗanɗano ba. Yanzu, a wannan shekara ta 1976, ya daɗe da kamfanin kwalta na Mista Baka, har ya fara tsammanin a nan zai tsufa.

"Wa suka ba ku a madadina?" ya tambaya. A da an taɓa ba da mai jefa ƙwallo sukutum saboda shi. Wata shekara ma mutum biyu aka bayar.

Mista Baka ya dubi takalminsa. "Ba mutum ba ne."

"To mene ne?"

"Mukayyif."

Haladu ya maimaita kalmar a ransa. Na'urar sanyaya ɗaki.

"Sabo?"

"Yana aiki," in ji Mista Baka, ya yi gaba da sauri.

Shugaban masu shuɗin kaya, Mista Wilas, wani siriri ne mai jan hanci. Ya yi wa Haladu maraba, ya zazzage buhun rigunan ƙungiya, aka rasa wadda za ta rufe masa ciki. Ɗaya ta shiga, amma da ya ja numfashi sai maɓalli ya yi tsalle.

"Ba komai, zauna da jar rigarka yau," in ji Mista Wilas. "Hular ta isa. Ka dai kama mana ƙwallo. Wasan ƙarshe ne, kofi muke so."

Aka fara bayan la'asar. Filin wani fegi ne na yashi a bayan unguwar masana'antu ta Jidda, an jera tsofaffin gangunan mai a matsayin iyaka, awakin unguwa na kiwon kwali a gefe. Ƙungiyoyin na karɓa-karɓa: waɗannan su yi bugu waɗancan su yi tsaro, sannan a juya. Haladu ya kama biyu masu sauƙi. Da layin bugu ya zo kansa ya kai wa iska duka sau uku kamar yadda ya saba, ya dawo ya zauna. Dama ba don gora ake ɗaukarsa ba.

Wasa ya kusa ƙarewa, yana tsaye a wurinsa kusa da ganguna, sai ga wata a-kori-kura ta taso ƙura ta tsaya. Wani dattijo ya fito da farar jallabiya da lema. Haladu ya gane shi nan take.

Abdulghaffar ne, Bahaushen Sudan mai shagon darduma a kasuwar Bab Makka. Ɗansa Yahya na son Mastura, 'yar Haladu, ita ma tana sonsa har ta daina ƙona shinkafa don a ce ta isa aure. Magana ta yi nisa, abu ɗaya ya rage. Abdulghaffar ya ce ba ya haɗa zuri'a da mutumin da bai ga sana'arsa da idonsa ba. Duk lokacin da ya tambaya, Haladu kan ce, "Ina tare da kamfani," ya sako zancen zafin gari.

"Assalamu alaikum, Abu Mastura. Na biya gidanka a Bani Malik, mai ɗakinka ta yi min kwatance."

"Wa alaikumus salam, Abu Yahya. Marhaba. Ai da ka bari na zo da kaina."

Abdulghaffar ya kakkaɓe wata ganga ya zauna, ya buɗe lema. Ya dubi takalman Haladu, ya dubi wandon da ya tsaya a gwiwa, ya daɗe yana kallon safar.

"Ciwo ka ji a hannun?"

"Kayan aiki ne."

"To. Ina aikin?"

"Ga shi ina yi."

"Tsayuwar?"

"Tsaro nake."

Abdulghaffar ya waiwaya dama da hagu. Yashi ne da awaki. "Me kake tsaro?"

"Ƙwallo."

"Tana ina?"

"Tana zuwa."

"Yaushe?"

"Allah ne masani."

"In ba ta zo ba fa?"

"Sai in koma gida."

Dattijon ya murza carbinsa. "Abu Mastura, ni mutum ne mai faɗar gaskiya. Jikokina za su tashi a tambaye su, kakanku na wajen uwa me yake yi? Su ce me? Yana tsayuwa a rana da gajeren wando yana jiran abu ya faɗo daga sama?"

Maganar ta soki Haladu. Ya juya wa fili baya ya fuskanci mutumin sosai. Ya ce da wannan tsayuwar ya yi wa mahaifiyarsa jinya har Allah ya karɓi abinsa. Da ita ya sa Mastura a makaranta, ta iya karatu da ɗinki, ba ta taɓa kwana da yunwa ba. Ya ce bai taɓa ɗaukar abin wani ba. Hausa ta ƙare masa ya koma Larabci, Larabci ya yi zafi ya dawo Hausa. Abdulghaffar na cewa, "Sannu, ya shaikh, ban ce kai ɓarawo ba ne," shi kuwa yana ta yi.

Bai ji lokacin da alƙalin wasa ya yi kira ba. Bai ga masu shuɗi sun bar fili sun koma rumfa don bugunsu na ƙarshe ba, bai kuma ga jajaye sun fito tsaro ba. Wanda jajayen suka sa a gurbin Haladu akawunsu ne, mutum mai ƙiba da ba ya shiri da rana. Ya taho yana haki, ya hango jar riga tsaye daram a inda ta saba tsayawa, ya ɗauka an fasa cinikin. Ya gode wa Allah ya koma inuwa.

Jajaye na gaba da ci ɗaya. An fitar da masu shuɗi biyu, saura ɗaya wasa ya tashi, amma suna da mutane a kan hanya suna jiran a buga su rugo su kammala zagaye su cinye wasan. Babban mai bugunsu ya ɗauki gora.

Kau!

Haladu na tsakiyar cewa, "Kuma Mastura ba kayan—" sai ƙarar ta shiga kunnensa. Ƙafafunsa ba su yi shawara da shi ba. Ya juya, ya hango ɗigon fari can sama yana neman wuce ganguna. Ya ruga. Gwiwoyin da suka yi shekaru suna ƙorafi suka yi shiru. Hula ta tashi. Wata akuya ta gitta, ya tsallake ta. Ya taka ganga ɗaya, ya miƙa hannu iya tsawonsa, ya ji ƙwallon ta zauna cikin safa, sannan shi da gangar suka tafi ƙasa tare.

Ya ɗaga hannu daga kwance. Tunda yake wasa bai taɓa kamu irin wannan ba, ko yana saurayi.

Jajaye suka ɓarke da ihu, suna jifa da huluna sama. Mista Baka ya taho a guje hannuwa buɗe. Yana tsakiyar fili ya fara rage gudu. Ya tsaya. Ihun ya dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har aka ji kukan akuyar nan.

Haladu ya hango shuɗiyar hula a yashe a kan yashi. Ya dubi ƙwallon da ke hannunsa.

"Innalillahi," ya ce a hankali.

Mista Wilas ya iso, hancinsa ya ƙara ja. Turancin da suka yi mai sauri ne, amma Haladu ya daɗe da mutanen nan, ya ji komai.

"Makirci ne! Ka sayar min da shi don ya yi maka aiki! Karɓi mutuminka, ka dawo min da mukayyif ɗina!"

"An riga an fasa bango an kafa shi," in ji Mista Baka. "Jiya matata ta yi barci, karo na farko tun da muka zo ƙasar nan. Mutumin naka ne. Kamun kuma namu ne."

"In nawa ne, kamun bai ƙirgu ba!"

"Jar riga ce ta kama!"

Mista Wilas ya cafki hannun Haladu na dama yana jansa zuwa rumfar jajaye don ya mayar musu. Mista Baka ya cafki na hagu yana jansa zuwa rumfar masu shuɗi. Suka yi ta ja, Haladu na tsakiya yana tangaɗi, har kafaɗar rigar ta yage. Alƙalin wasan, wani tsohon likitan haƙori, ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan ba ko a ƙasarsu, sai an zauna. Ya ɗauki kofin ya sa a motarsa ya tafi da shi.

Kafin magariba fili ya watse. Direban bas ɗin jajaye ya ce ba a ce ya ɗauki Haladu ba. Na masu shuɗi ya ce shi bai ma san shi ba. Babu wanda ya faɗa masa inda zai je aiki gobe Asabar, ko wanda zai sa hannu a iƙamarsa, takardar zamansa a ƙasar, in ta ƙare. Ya tsaya da yagaggiyar riga, gwiwarsa ta fara kumbura.

Aka yi masa hon. Abdulghaffar ne, ya fito da kansa ya buɗe masa ƙofar gaba.

"Yalla, Abu Mastura. Tafaddal."

Suka kama hanyar gari. Sun wuce unguwar Mahjar kafin dattijon ya yi magana, kuma muryarsa ta canza.

"Ka yafe min. Na yi maka gaggawa."

Haladu ya dube shi.

"Shekara da shekaru ina kasuwa. Na ga an yi rigima a kan darduma, na ga an yi a kan zinariya. Ban taɓa ganin Turawa biyu, manyan kamfani, sun kama mutum ɗaya suna ja kamar za su raba shi biyu ba. Ba na jin Turanci, amma na san idon mai saye."

Haladu ya tuna Mastura. Ya kuma tuna cewa gobe ma rana ce, kuma Jidda ba ta da girman da magana za ta ɓata a cikinta.

"Abu Yahya, gaskiya ita ce, ba ja suke ba. Kowa cewa yake ɗayan ya ɗauka."

Abdulghaffar ya bugi sitiyari yana dariya. "Masha Allah! Ga tawali'u kuma! Haka manya suke. Alhamis mai zuwa zan turo 'yan'uwana a sa rana. Halas, magana ta ƙare."

"Allah ya sa alheri."

"Amin."

Suka ci gaba da tafiya. Motar ta faɗa rami, gwiwar Haladu ta amsa. Ya yi gyaran murya.

"Shagon nan naka, na ji Yahya na cewa kuna neman wanda zai riƙa ɗaga darduma yana shimfiɗa wa masu saye. Da ma na ce ko ni..."

"Subhanallah!" Abdulghaffar ya kusa taka burki. "Kai? In sa ka ɗaukar darduma? Mutane su ce na wulaƙanta surukina? Wallahi ko da wasa kada ka sake. Wani ɗan Yaman zan ɗauka."

Ya tsaya a bakin lungun su Haladu a Bani Malik, ana kiran salla. Haladu ya sauko da ƙafa ɗaya, sannan ya jawo ɗayar da hannu. Ta tagar sama ya hango labule ya motsa, ya san Mastura ce.

"Gobe da safe hanyata ce," in ji Abdulghaffar ta taga. "In biyo in sauke ka wurin aiki. Wanne daga cikinsu za mu?"

Haladu ya gyara safar a hammatarsa.

"Bari tukuna, Abu Yahya. Ba su gama rigimar ba."

Dattijon ya gyaɗa kai, ya ɗaga yatsa ɗaya. "Daidai. Ka bar su su wahala. Kada ka yi musu araha."