Aikin Mushe, In Ji Samiratu

Ni Habsa, duk kasuwar Filingue an san ni da abu biyu, kopto da baki. Kopton, wato kwaɗon zogale, na sayarwa ne, bakin kuwa kyauta nike ba da shi. Samiratu ɗiyar ƙanena ce, a hannuna ta tashi tun rasuwar uwarta, amma ko ƙwayar halina ba ta ɗauko ba. Irin yaran nan ne da in ka taka masu ƙafa su ke ba ka haƙuri. Tana jami'a a Yamai tana karatun kwamfuta, sai an yi hutu take zuwa gida.

Wani hutu ta zo da ɗan abu bai wuce yatsa ba, kamar wanda samari ke zuba waƙoƙi ciki, ta ce mani rediyo ne. Na ce rediyon aljanu ko, ba lasifika ba abin murɗawa? Ta yi dariya, ta ce shi aikinshi ɗebo duk abin da ke yawo cikin iska, sauran aikin na manhaja ne, wato umarnin da anka rubuta ma kwamfuta, ita ke tace abin ta fidda wanda ake so. Manhajar kuma ba ta da mai ita. Mutane ne daga ƙasashe barkatai ke rubuta ta kamar gayya, wanda ya ga gyara shi sa hannu, wanda ke so shi ɗauka ba tare da neman izini ba.

Ta sa maƙerin unguwarmu ya lanƙwasa mata ƙarafa biyu, ta ɗaure bisa sanda ta kafa a tsakar gida, kaji na kallo ni ma ina kallo. Da hantsi ya yi ta ce tauraron ɗan'adam zai wuce ta samanmu. Sai ga hoto na saukowa layi-layi a kwamfutarta: ga tafkin Cadi, ga kogi ya lanƙwasa ta Yamai, ga hadari fari fat shina tasowa daga gabas. Ban ce komi ba, kuma wanda ya san ni ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai dai abin na da cikas. Waɗanda sunka rubuta manhajar nan masu sababbin kwamfutoci ne, kuma intanet ba ta yanke masu. Ita kuwa tsohuwar kwamfutar Mushe Kailu ke hannunta, malaminta na lise, wato sakandare, da ya yi ritaya (mu nan Mushe muke ce ma malamin boko), shi ya ba ta ita ranar da ta ci jarrabawa. Hoto na kai rabi sai tsohuwar kwamfutar ta shaƙe ta tsaya cik. Hutun nan kakaf Samiratu ta yi shi zaune bisa tabarma tana sake rubuta wurin da ke shaƙe ta. Tuwona nawa ta ƙona, Allah kaɗai Ya sani. Kafin ta koma Yamai hoto na sauka cikakke, ko da intanet ko babu, har manoman unguwa sun fara leƙowa suna tambayar ina hadari ya kwana. Takan ce masu ita ba ta ce za a yi ruwa ba, ruwa na Allah ne, ta dai nuna masu inda girgije shike.

Da wani hutun ya zagayo sai ta zo da labari. Masu gayyar manhajar nan sun yi shela: kowane ɗalibi shi rubuto aikin da shike son yi masu, in an zaɓe shi a haɗa shi da gwani shi riƙa duba shi, in ya gama a shigar da aikin cikin manhajar da sunanshi, duniya ta yi ta amfani. Samiratu na son ta mai da gyaran nan nata cikakken aiki, yadda duk mai tsohuwar kwamfuta a ƙauye zai iya ɗaukar hoton sama. Ba ta ce mani tana so ƙwarai ba, ita ba ta faɗin irin wannan. Na gane ne da ta bar cin abinci sai na yi mata tsawa.

Ta rubuta ta aika. Amsa ta zo daga wata injiniya a Tunis, Madam Latifa, wadda ke duba takardun ɗalibai. Na tarar da Samiratu zaune da waya a hannu, fuska ta yi la'asar tun da safe.

Na ce, “Sun ƙi?”

Ta ce, “Ba su ƙi ba, Gwaggo. Ta ce shawarar ta yi kyau. Amma wai tsarin na ɗalibin da ya yi aiki da hannunshi ne, takardata kuma ta nuna ba ni na yi ba. Tana son mu yi magana ta bidiyo kafin su rufe zaɓe.”

“Ƙaƙa takardarki ta nuna ba ke kika yi ba? Karanta mani.”

Ta karanta da Faransanci. Na yi lakkol, karatun boko, har aji shida kafin kasuwa ta ɗauke ni, na ji sarai. Cewa ta yi wannan aiki na malaminta ne Mushe Kailu, ita dai ta ɗan taimaka da abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba ta da wani sani, amma in sun yi haƙuri da ita za ta koya.

Raina ya ɓaci har kunnena ya yi zafi. Na ce, “Mushe Kailu ne ya ƙona mani tuwo? Shi ne ya zauna bisa tabarmar nan har ta huje?”

Ta sadda kai ta ce, “Gwaggo, shi ya koya mani lissafi. Kwamfutar ma tashi ce. Ƙaƙa zan buɗe baki in ce ni na yi?”

Na yafa gyale na nufi gidan Mushe. Na same shi gindin dogon yaro shina gyaran keke. Da ya ji, sai ya aje sifana ya riƙe haɓa. Ya ce wallahi ya taɓa leƙa rubutun nan nata, ko layi ɗaya bai gane ba, shi iyakarshi alli da allo. Ya ce ranar maganar zai zo da kanshi shi ba da shaida. Na ce ni ma zan bayar, in ya so matar nan ta Tunis ta ji abin da ake kira yabo.

Ranar ta zo. Na share ɗakina na shimfiɗa sabuwar tabarma, munka jingina waya jikin kwalla. Mushe ya zo da babbar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure, ni kuma na ci leshina. Munka sa Samiratu tsakiya, shi a dama ni a hagu.

Madam Latifa ta bayyana, mace mai tabarau da fara'a. Bayan gaisuwa ta tambayi Samiratu kai tsaye wa ya rubuta gyaran. Samiratu ta ce, “Mushe ne ya...” Mushe ya tare ta, ya yi bayani da Faransancinshi na littafi cewa aikin nata ne kakaf. Madam ta gode mashi, ta ce ta yarda da shi, amma ƙa'idarsu sai ta ji daga bakin mai aikin. Ta buɗo rubutun a gabanta ta ce, to a nan wurin, don mi anka zubar da wani ɓangare na abin da rediyon ya ɗebo tun kafin a fara tacewa?

Samiratu ta dubi tabarma. Ni na san ta san amsar, don har ni ta taɓa yi ma bayanin wurin nan ina daka. Amma abin da ya fito bakinta shi ne, “Mushe ya fi ni sani.”

Nan na kutsa. Na zuba Faransancina na kasuwa, na ce yarinyar nan tun tana rarrafe take warware rediyon ubanta, na ce duk ƙasarmu ta Kurfey ba kamarta, na kawo zancen tuwo, na kawo na manoma. Madam ta yi murmushi irin na mai ladabi, amma na ga ta saci kallon agogo. Abin nan da ɗiyata ta ƙi abinci dominshi zai kuɓuce mata a gabana, ina kuma cikin surutu.

Mushe ya miƙe ya ce da Hausa, “Habsa, taho waje in nuna maki wani abu.”

Na ce, “Yanzu? Ba inda za ni.”

Ya rage murya ya ce, “Mu ne ciwon. Yaushe kika taɓa jin ɗiyar gidan mutunci ta ce na iya a gaban wanda ya raine ta da wanda ya koyar da ita? Muddin muna zaune nan ba za ta buɗe baki ba.”

Na so in yi gardama, amma gaskiyarshi ce. Ni na koya mata sadda kai gaban manya, kuma har gobe ina alfahari da hakan. Na tashi, leshina na ƙara, na bi shi. A rayuwata ban taɓa barin wuri ana tsakiyar magana ba sai ranar.

Munka tsaya bayan ɗaki, gindin taga, rana na dukanmu, tsofaffi biyu sun kasa kunne kamar ɓarayin kaji. Madam ta sake tambayar a hankali. Sai na ji muryar Samiratu, ƴar ƙarama, tana cewa ita ta zubar da ɓangaren nan da gangan, don tsohuwar kwamfuta ba ta iya haɗiye shi duka, kuma hoton ba shi buƙatarshi. Madam ta sake jefo wata tambaya. Muryar ta ƙara ƙarfi. Can na ji ta ce, “A'a Madam, na gwada haka da farko, bai yi ba, ga dalili.” Ɗiyata ce ke ce ma injiniya a'a. Na damƙi hannun rigar Mushe ban sani ba.

Madam ta ce, “Ke nan ke kika rubuta duka?”

Ta ce, “Ni na rubuta. Tun daga farko har ƙarshe.”

Mushe ya ciro hankici ya yi kamar zufa shike sharewa. Ni ban ɓoye nawa ba, na bar hawaye sunka yi ta zuba, daɗi ya cika mani ciki har na rasa inda zan sa kaina. Sun daɗe suna magana, har dariya munka ji. Da munka ji an yi sallama sai munka zagayo munka shiga, kowa ya gyara fuska kamar daga duba awaki muke.

Samiratu na ganinmu ta gyara zama, ta ja mayafi, ta sadda kai ƙasa. Ta ce, “Mushe, an karɓi aikinku.”

Mushe ya dube ni, na dube shi. Ya ce, “To, alhamdu lillahi, ɗiyata. Allah Shi sa albarka.”

Ni ma ban gyara mata ba. Na ce madalla da Mushe, na ɗauki tasar koptona na tafi kasuwa. A can ba mai hana ni, kuma ranar duk wanda ya sayi kopto sai da ya tsaya ya ji wa ya rubuta aikin.