Tsargiyar Yaran Njuwa

Shekara biyu Dakta Liyatu Absalom ta yi tana bin ƙauyukan bakin tafkin Njuwa da 'yan kwalaben ɗibar fitsari. Likita ce mai neman ƙwarewa a sashen yara na wani asibitin koyarwa a Yola. Bincikenta a kan tsargiya ne, cutar da ke sa yaro fitsarin jini idan yana shiga ruwan tafki. Dole ta gabatar da shi gaban manyan sashen kafin ta zauna jarrabawar ƙarshe.

Ranar Laraba da safe aka taru. Ba ta kai shafi na huɗu ba aka ɗauke wuta, majigi ya mutu. Ta ci gaba da ka, don ta haddace alƙaluman. Yara ɗari da goma sha biyu ta ba magani, duk suka warke. Bayan wata shida casa'in da bakwai sun sake kamuwa, huɗu kuma ƙodarsu ta fara taɓuwa. Ta rufe da shawarar a haƙa wa ƙauyukan rijiyoyin burtsatse.

Aka yi tafi. Farfesa Bobboyi, shugaban sashen, ya cire tabarau ya murza idanunsa.

"Aikin ya yi kyau, 'yata. Zan sa hannu," in ji shi. "Amma kin san na yi wannan binciken a shekarar casa'in da shida? A ƙauyukan nan dai. Ni kashi tamanin da biyar na samu, ke tamanin da bakwai. Wataƙila iyayen yaranki na gwada."

Liyatu ta ajiye takardunta ta dube shi.

"Ranka ya daɗe, to me aka yi da naku?"

"An ba ni takardar shaida. Na yi ta yawo da kwafi ofis-ofis har na gaji. Ɗaya yana laburare, in gara ta bar shi."

Ba da izgili ya faɗa ba, abin da ya fi yi mata ciwo ke nan. Aka kira mai gabatarwa na gaba.

Abokan aikinta suka yi ta yi mata barka a baranda. Ta amsa sama-sama ta wuce ɗakin ganin marasa lafiya, inda layi ya riga ya kai bakin ƙofa. Ta uku da ta shigo Fibi ce, wata manomiyar shinkafa, riƙe da hannun 'yarta Debbie, ɗaya daga cikin yaran binciken.

"Likita, jinin ya dawo."

Liyatu ta rubuta maganin da ta rubuta mata bara. "Mama, ki hana ta shiga ruwan nan."

"To a ina za mu yi wanka? A ina za mu yi wanki?"

Liyatu ta sa hannu a takardar maganin. Ta miƙa mata, ta ce su dawo bayan wata shida.